Yadda Ake Kai Wasan Kwaikwayo Na Mutum Ɗaya Bikin Fringe Na Edinbara

Tambaya ɗaya ce take ta dawowa daga masu karatu, musamman matasan da suka karanci wasan kwaikwayo a jami'a ko suka goge a ƙungiyoyin dandamali: ta wace hanya mutum zai ɗauki sabon wasansa, wanda shi kaɗai ne a cikinsa, ya kai shi bikin Fringe da ake yi kowane watan Agusta a Edinbara, babban birnin Sikotlan? Da yawa sun ɗauka akwai kwamitin da ke tantance wasanni ya aika wa mutum goron gayyata. Babu wannan kwamiti. Ƙungiyar da ke kula da bikin, Fringe Society, ba ta zaɓar wasa kuma ba ta hana kowa, duk wanda ya samu ɗakin da zai yi wasa ya biya kuɗin rajista ya shiga. Wannan sauƙin shi ne yake rudar mutane, domin wasanni fiye da 3,000 ne suke gasar 'yan kallo a cikin mako uku, kuma kusan kowane mai wasa daga aljihunsa yake ɗaukar nauyin kansa. Matakan da ke ƙasa an jera su ne yadda ya kamata a bi su, kuma aikin yana farawa kimanin shekara guda kafin bikin.

1. Tsayar da dalilin tafiya

Kafin ka kashe ko sisi, rubuta a takarda abin da kake so ka dawo da shi. Wani yana neman masu shirya bukukuwa na wasu ƙasashe su ga wasansa su gayyace shi, wani sharhin jarida yake nema wanda zai dogara da shi wajen neman tallafi, wani kuma yana son ya yi wasan sau ashirin a jere ne don ya nuna. Kowace manufa tana da irin ɗakin da ya dace da ita da irin kuɗin da za ta ci. Idan riba ce kawai manufarka, shawarata ita ce ka dakata, domin mafi yawan sababbin zuwa ba sa mayar da uwar kuɗi.

2. Daidaita wasan da awa guda da akwati guda

Ɗakunan bikin suna jera wasanni ne ɗaya bayan ɗaya daga hantsi har tsakar dare, kuma mafi yawan wasannin mutum ɗaya suna ɗaukar minti 50 zuwa 60. Idan rubutunka ya kai minti 75, yanke shi tun yanzu, kada ka bari sai ka isa can, inda za a kashe maka fitila idan ka shiga lokacin wani. Kayan wasa kuma su zama waɗanda za su shiga akwati ɗaya, waɗanda kai kaɗai za ka iya shimfiɗa su ka kwashe cikin minti biyar: tabarma, kujera 'yar tsugune, rawani, mayafi biyu ko uku da za su bambanta mutanen da kake kwaikwaya.

Ko da yake kai kaɗai ne a dandamali, kana bukatar mai ba da umarni wanda zai zauna a kujerar 'yan kallo ya faɗa maka inda ka fara gundurar mutane. Ɗan wasan da ya rubuta abinsa, ya ba kansa umarni, ya kuma hau dandamali, ba ya ganin ƙeyarsa.

Sai batun harshe. Yawancin 'yan kallo Turanci suke ji, amma wannan bai hana a yi waƙa, kirari ko addu'a da Hausa a cikin wasa ba, kuma sau da yawa wuraren nan ne suke tsaya wa mai kallo a rai. Idan wasan gaba ɗaya da Hausa ne, to dole a haska fassara a bango, wanda ke nufin na'urar haskawa da kuma mutum na biyu da ya san wasan layi bayan layi.

Gwada wasan a gaban mutanen da ba su san ka ba, aƙalla sau biyar ko shida, kafin ka nemi ɗaki. Bikin Lagos Fringe da ake yi a Legas a watan Nuwamba ya zo daidai da wannan lokaci, haka nan babban bikin fasaha na Makhanda a Afirka ta Kudu yana da nasa ɓangaren da kowa zai iya shiga. Ɗauki bidiyon wasan cikakke da sauti mai kyau, domin shi masu ɗakuna za su fara tambayarka.

Gargaɗi: idan kana da burin lambar Fringe First, wadda jaridar The Scotsman take bayarwa ga sababbin rubuce-rubuce, akwai ƙa'ida kan yawan lokutan da aka taɓa nuna wasan a Birtaniya kafin bikin. Karanta ƙa'idar kafin ka amsa gayyatar yin wasa a Landan ko wani gari.

3. Neman ɗakin wasa

Wannan shi ne matakin da ya fi kowane nauyi, kuma ana fara shi tun wajen Nuwamba zuwa Janairu. Abin da ake kira ɗakin wasa a Edinbara zai iya zama ajin jami'a, ɗakin ƙasa na mashaya, zauren coci, ko ɗakin taron otal da aka lulluɓe da baƙin yadi aka jera kujeru arba'in. Kamfanoni ne suke karɓar hayar gine-ginen su raba su ga masu wasa. Manya huɗu da aka fi sani su ne Pleasance, Assembly, Underbelly da Gilded Balloon, kuma suna zaɓen wanda za su ɗauka. Summerhall da Traverse sun yi suna wajen sababbin wasanni masu nauyi, shigarsu kuwa tana da wuya. Irin su theSpaceUK da Greenside sun fi sauƙin samu ga sabon zuwa, kuma suna yarda da mako ɗaya ko biyu maimakon bikin gaba ɗaya.

Yarjejeniya iri uku ce. Ta farko haya ce zalla: ka biya kuɗin ɗaki, abin da tikiti ya kawo naka ne. Ta biyu rabon kuɗin ƙofa ce, galibi kashi 60 naka, 40 na mai ɗaki, amma tare da wani adadi da ka lamunce masa ko an cika ko ba a cika ba, wanda za ka fara biya a matsayin kafin alƙalami tun watanni kafin bikin. Ta uku ita ce ta ɗakunan kyauta, wato PBH's Free Fringe da Laughing Horse, inda ba ka biyan haya, galibi 'yan kallo ba sa sayen tikiti, kai ne za ka tsaya a bakin ƙofa da bokiti bayan wasa kowa ya jefa abin da ya sawwaƙa. Wannan ta uku tana da arha ƙwarai, sai dai yawancin ɗakunanta a cikin mashaya suke, da hayaniya ta bayan bango da fitila ɗaya ko biyu, don haka sun fi dacewa da barkwanci da tatsuniya fiye da wasan da ke bukatar shiru.

Ka nemi ƙaramin ɗaki. Mutum goma sha biyar a ɗaki mai kujera 40 taro ne, su ɗin dai a ɗaki mai kujera 120 kamar zaman makoki suke. Game da lokaci kuma, wasan kwaikwayo ya fi samun masu kallo daga hantsi zuwa la'asar, da yamma masu barkwanci ne suke kwashe jama'a. Wanda ba ya son ya rasa sallar Juma'a ya lura da wannan tun wajen zaɓen lokaci, domin da zarar an buga jadawali ba a sauya shi. Babban masallacin birnin yana Potterrow, taku kaɗan daga Bristo Square da George Square inda manyan ɗakuna suka taru.

Gargaɗi: kada ka sa hannu sai ka tambayi abubuwa huɗu a rubuce. Shin minti nawa ne na shiga da fita, kuma a cikin lokacinka suke? Shin akwai mai kula da fitilu da sauti a cikin kuɗin, ko kai za ka ɗauko naka? Shin akwai kuɗin shiga ƙasidar tallan kamfanin wanda dole ne ka biya daban? Shin an haɗa harajin VAT na kashi 20 a farashin da aka faɗa maka? Wannan na ƙarshe ya sha kayar da mutane.

4. Lissafi da alƙalami

Ga misali na ƙirƙira don a ga yadda kuɗin ke tafiya. A ce ɗakinka kujera 50 ne, tikiti fam 12, za ka yi wasa sau 24. Da za a cika kullum, kuɗin ƙofa fam 14,400 ne, kuma wannan adadin ne yake sa mutane mafarki. Ajiye shi gefe, ka yi lissafi da mutum 15 a rana, wanda zai ba ka fam 4,320. Kashi 40 na mai ɗaki fam 1,728 ke nan. To amma idan abin da ka lamunce masa fam 2,300 ne, wanda ya fi yawa zai ɗauka, sai ya rage maka fam 2,020, kuma ba a cire VAT ba, ba a cire la'adar sayar da tikiti ba, ba a lissafa tikitin rangwame da na kyauta da za ka bai wa 'yan jarida ba.

Daga wannan ragowar ake so a fitar da kuɗin jirgi, biza, masaukin wata guda, abinci, rajista, inshora, buga takardun talla da ladan mai kula da fitilu. Ba za ta isa ba. Giɓin da ya rage shi ne ainihin kuɗin tafiyar, kuma shi za ka nema daga masu tallafi, 'yan kasuwa ko gudummawar jama'a kafin ka sa hannu a kan komai. Ƙara kashi goma na ko-ta-kwana a kai, sannan ka tuna cewa kuɗin ƙasarka zai iya faɗuwa tsakanin Janairu da Agusta alhali bashinka da fam aka rubuta shi.

Gargaɗi: asusun tallafi na Keep it Fringe, wanda aka fara a 2023, an tsara shi ne don masu wasa mazauna Birtaniya. Kada ka sa shi a lissafinka idan daga waje za ka zo, sai ka ga sanarwar shekararka ta ce akasin haka.

5. Rajista da Fringe Society

Sai ka samu ɗaki ake yin rajista, kuma wasu kamfanonin su ne suke yi wa masu wasansu. Ana buɗewa a farkon shekara. Kuɗin bikin gaba ɗaya ya daɗe yana tsakanin fam 300 zuwa 400, mai saurin biya yana samun ragi, mai wasa na 'yan kwanaki kuma nasa ya fi sauƙi. Wanda ya wuce wa'adin watan Afrilu zai iya shiga shafin intanet na bikin amma ba zai fito a littafin jadawali da ake fitarwa a watan Yuni ba.

Za a nemi bayanin wasanka cikin kalmomi kusan 40 don littafin, da wani mai ɗan tsawo don intanet, da hoto guda. Ba wa waɗannan kalmomi mako guda cur. Faɗi wane ne a cikin wasan, me yake so, me ya tare masa hanya, ka bar kalmomin yabon kai, domin kowane shafi cike yake da wasannin da suka kira kansu abin mamaki. Hoton kuma ya zama wanda za a gane ko an ƙanƙance shi ya koma kamar kan sarki a fuskar waya. Ka faɗi gaskiya wajen shekarun da suka dace da kallo da kuma gargaɗin abin da wasan ya ƙunsa.

6. Masauki

Nemi masauki a ranar da ka sa hannu kan ɗaki, domin shi ne sau da yawa yake fin komai tsada, kuma dokar lasisin hayar gajeren zango da Sikotlan ta kafa ta ƙara takura kasuwar. Ɗakunan kwanan ɗalibai, irin na Jami'ar Queen Margaret da ke Musselburgh, da ɗaki a gidan iyali, da raba gida da wasu masu wasa, su ne hanyoyin da suka fi rangwame. Zama a unguwar Leith ko bayan gari ba matsala ba ce, motocin Lothian Buses suna aiki har dare. Zaɓi wurin da yake da kicin, domin sayen abinci a titi na wata guda zai cinye kuɗin talla.

Gargaɗi: 'yan damfara suna tallata gidajen da babu su. Fara da jerin masaukan da Fringe Society take nuna wa masu rajista, kuma kada ka tura kuɗi ga wanda ya ƙi nuna maka ɗakin ta bidiyo kai tsaye.

7. Biza da sauran takardu

Bikin yana cikin jerin bukukuwan da gwamnatin Birtaniya ta yarda a yi wasa a cikinsu ba tare da izinin aiki ba, don haka mai fasfo na Najeriya, Nijar, Ghana ko Kamaru bizar baƙo ta yau da kullum zai nema. Bayan rajista, nemi wasiƙar maraba daga Fringe Society ka haɗa da yarjejeniyar ɗaki, shaidar masauki, bayanan banki da hujjar abin da zai mayar da kai gida, kamar aiki ko karatu. Ana iya nema tun wata uku kafin tafiya, kuma ka nema a ranar farko da ta halatta, domin lokacin ne ɗalibai da masu hutu suke cika layi. Idan da mai kula da fitilu za ka tafi, sunansa ya shiga wasiƙar. Wannan izini na bikin ne, bai ba ka damar karɓar wani aiki a gefe ba.

Sauran takardun su ne inshorar da za ta biya idan wani ya ji rauni ta dalilin wasanka, wadda kusan kowane ɗaki yake tilastawa, da izinin duk waƙar wani da za ka kunna, da rubutaccen izinin marubuci idan ba kai ka rubuta wasan ba. Hukumar harajin Birtaniya tana da sashe na masu wasa daga waje, kuma ana iya riƙe kashi 20 na kuɗinka idan ya haura wani adadi, don haka tambayi mai ɗakinka yadda suke yi tun da wuri.

8. Talla

Tun watan Yuni ka aika wa masu sharhi takardar sanarwa mai shafi ɗaya, kowa da sunansa, ba saƙo guda ga mutum ɗari ba. Jaridu da shafukan intanet irin su The Scotsman, The Stage, The List, Fest, Broadway Baby da FringeReview suna cikin masu bibiyar wasan kwaikwayo, kuma ofishin yaɗa labarai na bikin yana ba masu rajista jerin 'yan jarida. A ƙarshen makon farko akan shirya zaman da masu wasa suke bin layi su gabatar da kansu ga 'yan jarida ido da ido; shirya bayanin minti ɗaya ka je da wuri.

Takardun talla kuwa a can za ka sa a buga su a kai maka ɗakin wasa, ya fi ɗauko su a jirgi. A kowace takarda a ga sunan wasa, ɗaki, lokaci da kwanaki da manyan baƙaƙe. Sababbin zuwa sukan tafi Royal Mile, babban titin tsohon birnin, su yini suna miƙa wa duk wanda ya gifta, su dawo murya ta dushe, alhali mafi yawan masu wucewar 'yan yawon buɗe ido ne da suka nufi fadar kan dutse. Abin da ya fi amfani shi ne awa ɗaya da rabi kafin wasanka, a kusa da ɗakinka, ka nufi mutanen da suke zaune suna duba jadawali, ka gaishe su, ka tambaye su irin abin da suke son kallo. Hira goma ta fi takarda ɗari biyu.

Gargaɗi: liƙa fosta a bango ko sandar fitila ba tare da izini ba laifi ne mai tara. Haka kuma ba a raba takarda a harabar wani kamfani idan ba a nan kake wasa ba.

9. Gwajin fitilu da sauti

Sau ɗaya za a ba ka ɗakin don wannan gwaji, na 'yan awoyi, wani lokaci da asuba ko tsakar dare. Je da rubutun wasa mai tsabta wanda aka yi wa alama da lamba a duk inda fitila ko sauti zai sauya, da sautukan a kwamfuta da kuma kwafi a wani wuri. Rage sauye-sauyen iya yinka, domin fitilun na kowa da kowa ne, ba za a juya maka su ba. Ka ware rabin awa na ƙarshe don gwada shiga da fita da agogo a hannu.

A nan ne na taɓa yin kuskuren da har yanzu nake jin kunyarsa. Wasan yana buɗewa ne da kaskon turaren wuta, na ɗauko shi tun daga gida a naɗe cikin zani, ban taɓa ambatarsa a takarda ba. Ina fito da gawayi sai matashiyar da ke kula da ɗakin ta nuna mini na'urar gano hayaƙi a saman kaina, ta ce idan ta yi ƙara za a fitar da mutanen ɗakuna shida zuwa titi. A daren muka koma ƙaramar fitila mai batir a cikin kaskon. Don haka duk abin da ya shafi wuta, hayaƙi, ruwa ko makami, ko na katako ne, a faɗe shi tun wajen yarjejeniya. Dokar Sikotlan ta hana shan taba a dandamali ko ta ganye ce, yadudduka sai an fesa musu maganin hana kama wuta, kayan lantarki kuma sai an gwada su an manna musu shaida.

10. Makonni ukun

Kwana biyu na farko galibi na gwaji ne da tikiti mai rahusa, Litinin da Talata na farko kuma akwai tsarin tikiti biyu a kuɗin ɗaya ga wanda ya shiga. Cika ɗakin a waɗannan kwanaki ko da kyauta ne, musamman da sauran masu wasa, domin baki ne yake sayar da wasa a Edinbara. Idan sharhi mai kyau ya fito, buga taurarin yabo da mai sharhin ya ba wasan a ƙananan takardu ka manna a kan takardun tallanka a daren.

Za a yi ranar da za ka leƙa ta labule ka ga mutum biyu. Yi musu wasan cikakke. Ba ka da wanda zai maye gurbinka, saboda haka muryarka ita ce jarinka: ɗumama ta kafin wasa, sha ruwa, nemi rigar ruwa mai kyau domin Agustan can yana da yayyafi da iska mai sanyi, kuma ka sa ranar hutu ɗaya a tsakiyar bikin tun wajen rajista. Yi rajista da ofishin bikin mai haɗa masu wasa da masu sayen wasanni, ka riƙa zuwa Fringe Central, cibiyar masu wasa, sannan kowane dare ka tambayi masu sayar da tikiti ko wani mai shirya biki ko ɗan jarida ya karɓi tikitinka, ka rubuta sunansa.

11. Bayan an tashi

Kuɗin tikiti ba ya zuwa a ranar rufewa. Sai wajen ƙarshen Satumba ko cikin Oktoba ake kammala lissafi a turo, don haka kada ka dogara da shi wajen biyan masauki ko jirgin komawa, kuma ka tabbatar tun farko cewa asusun da ka bayar yana karɓar kuɗi daga waje. Idan takardar lissafin ta iso, gwada ta da adadin 'yan kallon da ka riƙa rubutawa kullum, ka tambayi duk abin da aka cire wanda babu shi a yarjejeniya. A cikin mako biyu na farkon Satumba kuma, aika wa kowane mai shirya biki da ya kalli wasan gajeren saƙo ɗauke da bidiyo, sharhin da aka yi, bayanin girman dandamali da fitilun da kake bukata, da kuɗin da kake karɓa a kowane wasa.